Amanar Takardun Yara a Cikin Waya

Daminar 2024 ba ta bar kowa ba a ƙasar Damagaram. A watan Satumba tsohon masallacin Birni ya rushe saboda ruwan sama, kuma gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba. Mu a Dakusa, rufin ɗakin da muke ajiye takardu ne ya yi yoyo. Ranar da muka buɗe akwati, rajistar ɗalibai ta manne kamar fanke, tawada ta watse, takardun haihuwa da iyaye suka kawo don jarrabawar BEPC sun zama abin tausayi.

Abin da ya cece mu shi ne wata ɗabi'a tawa: duk takardar da ta shigo hannuna sai na ɗauki hotonta da waya. Na yi ta alfahari da wannan dabara, har ranar da aka zare mini wayar a tasha, a hanyata ta dawowa daga Damagaram.

Na sayi wata, na shigar da adireshina na Google, hotunan suka dawo. Na yi hamdala. Amma bayan kwana uku wani uba ya tare ni a bakin masallaci. "Malam, an kira ni da sunan makaranta, wai in tura jikka biyar na gyaran takardar Hadiza. Sun faɗi ranar haihuwarta daidai, har da sunan uwarta." Jikina ya yi sanyi. Wayar da aka sace ba ta da kulle, kuma sirrin gidajen mutane ne a cikinta. Allah ya sa bai tura ba.

A nan na gane cewa ajiya daban, tsaro daban. Kwafin da ke intanet ya hana takardun ɓacewa, amma bai hana ɓarawo karanta su ba. Ana buƙatar duka biyun, kuma ga yadda nake yi yanzu.

Na farko, waya ta samu kulle, adireshin Google kuma na kunna masa tabbatarwa mai hawa biyu, ta yadda kalmar sirri kaɗai ba ta isa a shiga ba. Na biyu, takardun yara ba sa zama tare da hotunan suna da biki. Ina tara su cikin fayil guda, in kulle shi da kalmar sirri ta manhajar ZArchiver, ko 7-Zip idan a kwamfuta ne, kafin ya tafi Google Drive. Wannan kulle yana hargitsa abin da ke ciki, wanda ba shi da kalmar ba zai ga komai ba. Google yana ba da fili kyauta har giga 15, ya ishi makaranta irin tamu.

Na uku, ajiyar ta riƙa yin kanta, domin abin da aka bari ga tunanin mutum wata rana zai manta. WhatsApp, inda iyaye ke turo mana takardu, yana iya kwafe saƙonni kullum, kuma tun Oktoban 2021 ya ba da damar kulle wannan kwafi da kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64. Sai dai a kula: idan an bar shi a kan Wi-Fi kaɗai, mu da ke ƙauye zai yi ta jiran abin da ba zai zo ba. A ba shi izinin amfani da data, kuma a riƙa duba ranar da ya yi kwafin ƙarshe. Na ga abokin aiki da ya zaci kullum ana ajiye masa, ashe kwafinsa na ƙarshe ya shekara.

Kulle ma yana da nasa haɗarin. Wata malama ta kulle ajiyarta, wayar ta faɗa ruwa, kalmar sirrin kuma ta ɓace mata. Kamfanin bai iya buɗe mata ba, domin shi ma ba ya riƙe da makullin. Don haka na rubuta tawa a takarda biyu: ɗaya a gida, ɗaya a ambulan rufe a hannun darakta. Haka kuma, abin da aka goge a Drive kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara, shi ya sa nake da kwafi na uku a katin memori, shi ma a kulle. Ƙarshen kowane wata nakan sauke fayil ɗaya in buɗe shi, in tabbata yana aiki.

Iyaye, kuna da haƙƙin tambayar malami inda yake ajiye hoton takardar ɗanku, da wanda zai iya ganinsa. Malamai ƴan uwana, kada mu ji haushin tambayar. Uban da ya yi tafiya zuwa kotu, ya biya kuɗi, ya jira makonni kafin ya samu takardar haihuwar ƴarsa, amana ya ba mu.

Hadiza ta zauna jarrabawarta. Har yau idan na haɗu da babanta sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, an sa wa wayar kwado kuwa?" Sai in ciro ta in nuna masa.