Kai Amarya Da Rana Tsaka

Ke dai bari 'yar uwa, tun da aka sa bikin Yaya Bilki na hana kowa sakat a gidanmu, sai da Inna ta gaji ta ce, "Jeki, amma in kika wuce Katsina da taku ɗaya ban yafe ba." Na ce to. A raina kuwa na san amarya Safana za a kai ta.

A Rafindaɗi muka sauka, gidan Gwaggo. Washegari 'yan matan gidan suka ja ni yawo. Muka bi lungunan Yarinci, muka ɓulla Ƙofar Soro inda fadar Sarki take, daga nan sai Gobarau. Hasumiya ce ta jar ƙasa, ta haura shekara 500 a tsaye. Ni da nake cika baki, rabin matakala na kai gwiwata ta soma rawa, suka yi ta yi mini dariya wai Bakanuwa ta ji bisa. Tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a gurguje muka leƙa don yunwa ta taso.

Furar gidan Gwaggo kam ba a magana, gero ya ji citta da kanumfari, nono mai kauri. Amma abin da ya tsaya mini a rai dafaffen rogo ne da garin ƙuli. Ina cikin santi Hajiya Kaka ta ɗauki guda ta jujjuya, ta ce, "Wannan rogo ne? Da kin ci na Batsari, ɗiyata, gari gare shi kamar dankali." Sai ta yi shiru. A Batsari ta yi aure, can ta haifi 'ya'ya tara, ba ta taɓa fashin aike kasuwar Alhamis ba. A 2020, bayan 'yan bindigar dajin Rugu sun afka wa Tsauwa da Ɗankar sun kashe mutane, 'ya'yanta suka ɗauko ta suka dawo da ita birni. An yi sulhu a 2025, an yi ta lallashinta, ta ce ƙafarta ta mutu. Makullin ɗakinta kuwa yana nan ɗaure a bakin zaninta.

Ranar kai amarya na ga abin da ban taɓa gani ba. Mu a Kano sai bayan isha'i ake jera motoci ana guɗa. Nan ƙarfe 11 na safe aka fito da Yaya Bilki, kwalliya na narkewa a rana. Kawu ya tsaya bakin mota yana nanatawa, "Kafin la'asar kowa ya baro Safana."

Na shiga motar, Allah ya yafe mini. Ta Dutsin-ma muka bi, ga duwatsu ga gonakin dawa, kyau kamar me, amma ba wadda ta buɗe baki ta yi waƙa. Dangin ango suka tarbe mu da dambu da zogale, muka ci a tsaitsaye. Ko jeren ɗakin ban gama kallo ba direba ya hau danna oda.

Yaya Bilki ta riƙe mayafina tana kuka. "Ƙanwata, ki kwana mini ko ɗaya ne."

Sai da Gwaggo ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Muna shiga Katsina wayata ta yi ƙara, na duba, Inna ce.