Da 'Yan Kadet Zuwa Duwatsun Shere

Hunturu ya kankama sa'ad da aka ɗora mini rakiyar 'yan kadet ɗin makarantarmu daga Zariya zuwa sansanin horo na shekara-shekara a Jos. Yaran Zariya ba baƙin kaki ba ne. Tun 1924 ake horar da kurata a garin, makarantar soja ta yara kuma tana nan tun 1954, ga Kwalejin Barewa da ta yaye Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammad. Sai dai a wurin yarana, soja bai wuce takalmi mai sheƙi da tsawa ba.

Muka bi ta Pambeguwa, muka ratsa Saminaka inda buhunan masara suke jibge a bakin titi. Daga Jengre mota ta fara nishin hawa, iska ta sauya, masu waƙar fareti suka yi tsit, kowa ya shiga laluben rigar sanyi.

Sansanin yana gindin duwatsun Shere, gabas da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Nan ne reshen cibiyar koyar da shugabanci da aka fi sani da Man O' War, wadda aka fara kafawa a 1951 a gaɓar teku kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru.

Kafin asuba ake busa usur. Sai gudu, sai sallah, sai fareti har rana ta take. Bayan nan a yi rarrafe, a sauko daga kan dutse da igiya, a haye wata katanga da ba mai iya hawanta sai wani ya ba shi kafaɗa, wani ya miƙo hannu daga sama.

Ranar doguwar tafiya aka raba su ƙungiya-ƙungiya, kowacce da taswira da kamfas. Sajen makarantarmu, yaro mai igiya uku da murya kamar aradu, shi ya fara isowa da wasu ƙarfafa, yana haki yana murmushi. Malamin horo ya dube shi.

"Saje, mutum nawa ka fita da su?"

"Goma sha biyu, yallaɓai."

"Nawa ka kawo mini?"

"Bakwai, yallaɓai."

"To ba ka iso ba tukuna. Koma."

Ba duka, ba tsallen kwaɗo. Yaron ya juya ya sake fuskantar dutsen. La'asar sakaliya suka ɓullo su duka, jakar wani ƙarami da ƙafarsa ta yi bororo tana rataye a wuyan saje. Su ne na ƙarshe, amma an rubuta musu cikakken maki. Da aka zo rabon tuwo, malamin ya sa duk mai igiya a hannu ya koma ƙarshen layi, sai na ƙasa da shi sun ci.

A makaranta, igiya lasisi ce ta aiken ƙanana ɗebo ruwa da wankin kaki. Da muka koma Zariya na kai wa shugaban makaranta shawarar a ɗauki dokar layin abinci a ɗakin cin abincinmu. Manyan ɗalibai sun yi gunaguni, amma saje ne ya fara ɗaukar kwanonsa ya koma baya, sauran ba su ga ta zama ba.