Buhu Mai Hawa Uku Da Waken Babana

 

Yau a kan buhu zan yi magana. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damunmu a nan kudu sai buhu na gani, to amma mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya bi ni, domin buhun nan ne ya sa na sauya tunani game da sadaka.

A Sabo ta Ibadan aka haife ni, kuma tun da na yi wayo wake na ga mahaifina yana sayarwa a kasuwar Bodija. Ana ɗauko masa daga Dawanau, wani lokaci daga Potiskum, wani lokaci kuma wanda ya tsallako daga Maraɗi. Duk wanda ya san harkar ya san ribar ba a aunawa da kongo take ba, a ajiya take. Ka saya da kaka lokacin da manomi ke neman kuɗi ido rufe, ka ajiye sai damina ta zauna farashi ya tashi. Abin da ke tsakaninka da wannan riba ƙwaro ne ɗan mitsitsi, wanda tun daga gona yake biyo waken. Wata uku ya ishe shi ya huhhuje maka buhu, ka buɗe ka tarar da gari da wari.

Don haka kowa magani yake zubawa. Wasu ƙwayar nan mai hayaƙi suke ƙullawa a tsumma su cusa, wasu kuwa fiya-fiya suke yayyafawa kai tsaye. Ba na ɓoyewa, mu ma mun yi. Ina aji uku na sakandare, wata Bayarabiya mai suyar ƙosai, wadda ta fi shekara goma tana saye a hannun Baba, ta dawo mana da rabin buhu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi 'ya'yanta biyu sun kwana suna amai, kuma ta wanke waken sau uku warin bai fita ba. Baba ya mayar mata da kuɗinta, ya bi ta har gida ya duba yaran. Da ya dawo bai ci tuwon dare ba. Mutum ne da ba ya wasa da zakka, duk Juma'a kuma sai ya canzo sababbin kuɗi ya raba wa mabaratan bakin masallaci, ga shi yau abincin da ya sayar ya kwantar da 'ya'yan mutane.

Ashe abin ya wuce rumfarmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a cikinsa, alhali mu ne muka fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da mu. Turawa sun ƙi ci, mu kuwa muka ci gaba da ci.

Kakar da ta biyo baya Kawu, ƙanin Baba da ke noma a gida, ya zo da wasu buhuna a naɗe a jakarsa. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ya ce, "Yaya, ka zuba wake busasshe, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ka manta da shi. Ko ɗigon magani kada ka sa." Baba ya tambayi kuɗin buhun, da ya ji sai ya yi dariya ya ce ai wannan sai ka ce shadda zai ɗinka wa waken. Kawu ya nace, aka cika biyar don gwaji, aka jingine su a kan katako a lungun sito. Bayan wata shida ni na kwance ɗaurin da hannuna. Waken yana nan kamar ranar da aka zuba shi, sai 'yan matattun ƙwari a sama-sama.

Daga baya, da na samu waya mai intanet, na bi diddigin abin. Sunansa buhun PICS, kuma babu wani siddabaru a ciki. Ƙwaron yana shaƙar iska kamar ni da kai. Idan aka toshe leda, shi da tsutsotsinsa sukan cinye 'yar iskar da ta rage, sai su daina cin waken, su daina hayayyafa, a ƙarshe su bushe su mutu. Wani malamin jami'ar Purdue ta Amurka mai suna Larry Murdock da abokan aikinsa 'yan Kamaru ne suka gwada dabarar a Marwa tun wajen ƙarshen shekarun 1980, da kuɗin tallafin hukumar USAID.

A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Dabarar da aka sani tun kafin a haife ni, me ya hana ta iso rumfar Baba sai bayan an kwantar da yara biyu? Da na yi tunani irin na ɗan kasuwa sai na ga amsar. Wane mai masana'anta ne zai zuba jarinsa ya ƙera ledar da ba wanda ya san amfaninta, sannan ya ɗauki ma'aikata su bi ƙauye-ƙauye suna koya wa mutanen da kowannensu buhu ɗaya ko biyu zai saya? Ko ya yi, gobe maƙwabcinsa zai kwaikwaya ya ci ribar wahalarsa. Shi kuma manomi ba zai ba da kuɗin abin da bai gani da idonsa ba. Kowa yana jiran wani ya fara, kuma wanda ya fara shi ne zai yi asara.

Wannan asarar ce aka biya da kuɗin kyauta. A 2007 gidauniyar Bill Gates da matarsa ta wancan lokaci Melinda ta ba jami'ar Purdue sama da dala miliyan 11 don a yaɗa buhun a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Malaman gona suka shiga dubban ƙauyuka. A gaban jama'a ake cika buhu a ɗaure, bayan watanni a sake tara jama'a a buɗe. Kawu ya ce a irin wannan taro ya fara gani a ƙofar gidan mai unguwarsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su mayar da shi kayan rabo ba. Sun nemi masana'antu, irin su Lela Agro da ke Kano, suka ƙera, aka nemi diloli da masu shaguna suka sayar da riba. Mu 'yan kasuwa mun san kayan rabo ranar da mai rabo ya gaji suke ƙarewa. Kuɗin wancan tallafi an daɗe da kashe su, amma har gobe idan ka je kasuwa za ka sayi buhun.

Na san akwai masu jin sunan Bature mai ba da kyauta su ce akwai lauje cikin naɗi, tun zamanin rigimar allurar shan-inna ta 2003. Ban shiga zuciyar kowa ba, ban kuma ce duk abin da gidauniyoyin nan suka sa hannu ya yi kyau ba. Leda dai na riƙa da hannuna, ba a sha ba a shafawa. Kuma shi ma buhun yana da nasa. Ɓera ɗaya ya isa ya lalata shi. 'Yan dako idan suka wurgo shi daga kan tirela sai ta Allah. Mai saye ya saba soka ƙarfe a buhu ya ga samfuri, nan kuwa huda ɗaya ta gama aiki. Ga jabu mai siririyar leda ya cika gari. Shi ya sa har yanzu manyan diloli masu ɗaruruwan buhuna da yawansu magani suke zubawa, wanda ya ce maka an daina bai shiga sito ba. Mu dai abin da za mu ajiye ya wuce wata biyu a leda yake kwana, kuma mai ƙosan nan ta dawo.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne, a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, wato hukumar da ta biya kuɗin gwajin Marwa. A shekarar ne kuma Bill Gates ya ce gidauniyarsa za ta rufe a 2045. To idan masu biyan asarar farko suka tafi, wa zai biya? Ku dubi tumatir da ke ruɓewa a kwando tsakanin Kano da Shasha, ku dubi albasa. Mu ne muka fi kowa sanin ciwon, kuma ba mu rasa masu bayarwa ba. Kuɗin da alhazan Sabo da Bodija kaɗai ke fitarwa da azumi ba kaɗan ba ne. Sai dai kusan duka a ciki suke ƙarewa, a ci yau gobe a dawo layi. Ban ce a hana mai yunwa ba, wanda bai ci ba ba ya jiran bincike. Zakka kuma tana da mutanenta da aka ƙayyade, wannan fagen malamai ne, ni iyakata sakandare. Amma sadakar ganin dama da waƙafi fa? Da ƙungiyar 'yan kasuwarmu za ta ware wani abu ta ba wani yaro mai fasaha a kwalejin kimiyya ya yi ta gwada rumbun albasa har ya dace, ko ya ɓata sau biyar, anya ba ta shiga sahun sadaka mai gudana ba?

Na faɗa wa Baba haka wani dare bayan isha'i. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kai yaro ne. Idan na ba makaho naira ɗari na ga inda ta shiga. Idan na ba ɗan boko ya ɓata, me zan ce na yi?" Na ce, "Baba, ai wanda ya biya kuɗin ledar nan ma bai taɓa ganin rumfarka ba." Ya harare ni, ya ce in tashi in rufe ƙofa.

Da kakar bana zai aika wa Gwaggo kuɗin da ya saba aika mata, sai na ga ya rage wani abu ya ce in sayo buhu goma in haɗa da direban da zai koma Dawanau. Ya ce ta riƙe biyu, sauran ta ba matan da ke sayar da wakensu da arha tun a masussuka, kuma Kawu ya tsaya a kansu su ɗaure daidai. Na sake tayar masa da maganar ƙungiya da yaron kwaleji, ya ce in bari damina ta faɗi a buɗe na Gwaggo tukuna.