Manhajar da Ta San Baffa

Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja a ɗakin kwamfuta na makarantar nan ya san halinta: da an rufe ta, abin da ta riƙe a ka ya tafi. A aji ba komai, malami zai gwada sau ɗaya ya ba da maki. A kasuwa kuwa, mantuwar nan kuɗi take ci.

Aikina na kammala difloma 'yar manhajar lissafi ce ta Android, kuma don Baffana na yi ta. Yana sayen masara da dawa a Badafi, ƙaramar hukumar Ƙiru, ya kai kasuwar Kwanar Ɗangora. Kafin ta fitar masa da riba sai ta san abu huɗu: tiya nawa ce a buhunsa, nawa mota ke caji kowane buhu, da Hausa za ta yi magana, kuma da manyan haruffa saboda idonsa. To ga wayarsa kullum caji na ƙarewa, sai an kai wa mai caji. A ce duk kunnawa sai ya sake shigar da su? Ranar da ya sa 44 a maimakon 40, zai sayar da faɗuwa yana ganin riba ce.

Maganin ba wani dogo ba ne. Android na da SharedPreferences, wani ɗan fayil da manhaja ke ajiye abu bibbiyu: suna da ƙimarsa. Kamar littafin bashin mai shago ne, suna a hagu, kuɗi a dama. "Tiya a buhu": 40. "Harshe": Hausa. Manhaja na tashi sai ta nemi sunan, ta ɗauko ƙimar. Wajen ajiyewa akwai apply, mai rubutawa a bayan fage, da commit, mai tsayawa sai ya gama ya faɗa maka ko ya yiwu. Ni commit na zaɓa, don Baffa ya ga "an ajiye" da idonsa. Yanzu ma Google na ba da shawarar a koma DataStore, amma tunanin ɗaya ne.

Sai dai littafin ƙarami ne. Jerin masu bashi ba nan ne wurinsa ba, SQLite ya dace da shi. Lambar sirrin banki kuwa kada ma a soma. Kuma in mai gyara ya goge bayanan manhajar, komai ya tafi.

Bayan kasuwa biyu Baffa ya ce min, "Ɗana, abin nan naka ya gane buhuna."

'Yan ajin da ke biye da mu, kafin ku kai aikinku gaban malamai, ku kashe wayar ku kunna. Mutumin da kuka yi wa aikin haka zai yi, ko bai so ba.