Takardar da Ta Tsayar da Mota a Hanyar Argungu

Wanda ya saba da hanyoyin Kano da Zariya, in ya kama hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a lokacin girbin rani, shinkafa ce za ta fara cika masa ido. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma kusan duk abin hawan da ka gamu da shi buhunan samfarera ne a kansa: manyan motoci masu nufar kamfanin WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ko na Labana da ke Birnin Kebbi, da babura da amalanken shanu masu fitowa daga fadamar Gulbin Rima. Kowa sauri yake yi, kowa kuma ya yi lodi fiye da kima.

Mai masaukina, wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, shi ya ɗauke ni a motarsa don in ga gidan tarihi na Kanta da Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934. Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu a shinge. Ya miƙa takardu hankalinsa kwance, domin a saninsa komai ya cika. Jami'in ya danna lambar motar a wayarsa, ya ce babu inshorarta a rumbun bayanai.

"Ranka shi daɗe, ni dai kuɗina na biya, takardar ga aka ba ni," in ji dattijon.

"Baba, ban ce ba ka biya ba. Wanda ka ba kuɗin bai kai su kamfani ba."

Haka aka wuce da motar harabar da ake ajiye kamammun motoci. Dattijon gaskiya ya faɗa: ya biya. Shekara da shekaru wani dillali ne ke sabunta masa takardu a dunƙule, ya kawo su a leda, da hatimi da sa hannu. Ta inshorar jabu ce.

A nan na ga yadda ake karɓo mota, kuma inshora ce ƙashin bayan aikin. Sai mai mota ya zo da kansa da shaidar mallaka, da lasisin mota da na tuƙi, da takardar ingancin mota, sannan da inshora mai rai. Rai a nan yana nufin kamfani mai lasisin hukumar NAICOM ne ya bayar da ita, ya kuma shigar da ita rumbun NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, wanda kowa zai iya dubawa ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. Lambar mota da lambar jikinta da sunan mai ita dole su yi daidai da na sauran takardu. Wannan na kama mutane da yawa a ƙasarmu, inda ake sayen mota hannu da hannu a ci gaba da yawo da sunan mai ita na farko. Sabuwar inshora kuma daga ranar da aka yanke ta take aiki. Tana buɗe wa mota ƙofa, amma ba ta goge laifin jiya, sai an biya tara an kawo rasit.

Jinkiri ma kuɗi ne. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ta sa kuɗin ajiya a kan kowace rana bayan awa 24 na farko, ta kuma ba hukumar damar neman kotu ta mallaka mata motar da aka bari wata shida, a yi gwanjonta. A harabar akwai motocin da tayoyinsu suka sace, rana ta ci fentinsu. Ga direban da ke kai balas kullum, kwana ɗaya a wurin abincin gidansa ne ya tsaya.

Tun 1945 aka yi dokar farko ta tilasta wannan inshora, amma aka mayar da ita takardar nuna wa ɗan sanda. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiyar wani kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000 ne, keke mai ƙafa uku 5,000, babbar motar kaya 100,000. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta ta a duk ƙasa.

Abin da ya fi damuna ba wahalar dattijon ba ce, duk da na tausaya masa. Tunanin manomin da ke kan babur da buhu biyu a bayansa nake yi. Wannan inshora domin shi aka yi ta, ba ta gyara motar mai ita, wanda aka buge take biya. Da tsautsayi ya gitta a hanyar nan, da takardar leda ba ta sayi ko allura ba, sai dai a taru gaban mai unguwa a ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Dillalin nan haƙƙin mutum biyu ya ci.

Da muka zauna neman ta gaskiya, dattijon ya faɗi abin da ke ransa: shi tun asali yana ƙyamar inshora saboda shubuhar riba, shi ya sa bai taɓa bin diddiginta ba. Mutane da yawa a Arewa haka suke, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. Sai dai tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato taimakekeniya bisa tsarin Musulunci, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful na yanka inshorar mota da doka ta yarda da ita. Ɗansa ne ya yanka masa ta waya. Muka jira sunan motar ya bayyana a rumbun, aka biya tara a banki, sannan aka miƙo makulli.

Kafin mu isa Argungu ya kira ƙaninsa mai motar ɗaukar shinkafa a Kamba, ya ce ya danna lambar tasa yanzu, yana kan layi yana jira.