Daga Samaru Zuwa Sabon Gari Neman Gidan Sinima

 Makon nan yawo na tafi, na ga kuwa ya kamata in ba ku labarin abin da na gano.

Wata yarinya ce ta jawo tafiyar, cikin 'yan ajin da nake koyarwa a nan Samaru. Muna cikin karatu muka ci karo da kalmar sinima, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mene ne sinima?" Na ce wani babban gida ne inda mutane ke biyan kuɗi su shiga su kalli fim a jikin bango. Ta yi shiru, can ta ce, "To, su ba su da waya ne?" Aji ya fashe da dariya, har da ni. Amma da na koma gida sai abin ya tsaya mini a rai, domin ni mai ba da amsar ban taɓa sa ƙafata a sinima ba. Uwata ma haka. Kakata kuwa da na tambaye ta, sai da ta yi salati ta tafa hannu, ta ce in sake yi mata irin wannan tambaya in gani. Saboda haka ran Asabar na roƙi kawuna, wanda ya yi samartakarsa a Sabon Gari, ya raka ni in ga wurin da idona.

Kafin mu hau mota bari in nuna miki abin da muke da shi a Samaru yau. In kin bi titin da ya raba gari da Jami'ar Ahmadu Bello, kika kutsa cikin layuka, ba za ki yi nisa ba sai kin ga wata rumfar kwano da labule a ƙofa, da janareto yana ruri a gefe, da allo a jingine an rubuta da alli, Arsenal da Chelsea ƙarfe kaza. Wannan shi ne gidan kallo. Ƙwallon Turai ake nunawa galibi, maza ne kuma ke shiga, in an ci ƙwallo kina iya jin ihunsu daga madafinki. Kusa da shi kuma ba a rasa ɗan shago, da saurayi zaune gaban kwamfuta, yara sun kewaye shi kowa da waya ko memori a hannu. Su ne masu tura fim. Yawancin yaran nan aiko su aka yi, kin kuwa san wanda ya aiko su, mu ne. Wata tana son fim ɗin Indiya fassarar Algaita, wata ta ce a cika mata da Labarina, wata Izzar So. Wadda ke da kuɗin data kuwa ba ta ma aike, YouTube za ta buɗe tana kwance bisa gadonta.

Muka hau mota a bakin kasuwa, muka wuce Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama, muka wuce Kwangila, muka sauka a PZ, unguwar da ta ci sunan tsohon kantin Turawa na Paterson Zochonis. Sabon Gari dai jirgin ƙasa ne ya haife shi. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi ta iso Zariya wajen 1911, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa, aka ba su fili nesa da ganuwar birni suka zauna. Duk abin da birni ke jin kunyarsa, kamar gidan giya da gidan rawa, a nan ya sami wurin zama, sinima kuma ta bi sahu. Haka aka yi a Kano, inda aka buɗe sinimar Rex a 1937 a bayan ganuwa. Kwarori, watau mutanen Labanan, su ne galibi masu gidajen, su ne kuma suka riƙa kawo finafinan Indiya har mutanenmu suka kamu da sonsu.

Kawu ya ja ni muka ratsa ta cikin 'yan tireda da masu gyaran babur, har ya tsaya gaban wani dogon bango da fenti ya kaɗe. Ya ce, "To, Malama, ga makarantarmu." Na duba, ban ga kome ba sai bango da ƙofar ƙarfe. Ko da na zo ni kaɗai sau goma ba zan san an taɓa yin wani abu a wurin ba.

Shi kuwa sai bakinsa ya buɗe. Ya ce sinimar zamaninsu ba ta da rufi, sararin Allah ne a sama, don haka ba a fara nuni sai duhu ya yi. Masu ƙaramin tikiti suna gaba kusa da bango a kan benci, wuyansu a ɗage, masu kuɗi suna baya a kan kujeru. In ruwa ya sauko da damina, wasu su gudu su raɓe, wasu su zauna daram su jiƙe, don ba su yarda kuɗinsu ya tafi a banza ba. A bakin ƙofa ga mai tsire, ga mai rake, ga mai shayi. Ba wanda ke jin Indiyanci, amma kowa ya san inda labari ya dosa, har sun raɗa wa 'yan wasan sunaye, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. In jarumi ya kama mugu, gidan duka sai ya miƙe tsaye. In zaren fim ya tsinke kuwa, mai injin ya shiga uku da zagi. Kawu yana faɗi yana dariya, har da kwaikwayon yadda ake naushi, dattijo da furfura a tsakiyar titi, sai da na ji kunya.

Na ce, "Kawu, mata fa, ina suke zama?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Wace mace? 'Yar mutunci ba ta zuwa nan. Mu ma da muke maza a ɓoye muke zuwa, in kakanki ya ji, bulala ce."

Kin ji inda zancen yake. Tun farkon zuwanta sinima ba ta yi farin jini wajen malamai da iyaye ba, har akwai masu kiranta dodon bango. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano a 1951, mutum fiye da ɗari uku suka rasu, mutane da yawa suka ɗauka ishara ce. Macen da aka gani a ƙofar sinima kuwa, an gama yanke mata hukunci, ko da kallo kawai ya kai ta.

Abin da ya kashe gidajen ba abu guda ba ne. A 1972 gwamnati ta yi dokar da ta mai da irin wannan sana'a hannun 'yan ƙasa. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, sayo fim daga waje ya yi tsada. Ana cikin haka bidiyo ya shigo gidaje, a 1990 kuma aka yi Turmin Danya a Kano, aka buɗe ƙofar finafinan Hausa na kaset. Wanda zai kalli fim da harshensa a ɗakinsa, me zai kai shi shan sauro a Sabon Gari? Bayan kaset aka yi faifai, tashar Arewa24 ta zo a 2014, sa'an nan waya ta zo ta haɗiye su duka. Akwai sinimomi na zamani a manyan birane, masu rufi da sanyi da kujeru masu taushi, inda mace ke shiga da mijinta ba wanda zai ce mata kanzil, amma kuɗin tikiti da na mota sun fi ƙarfin yawancinmu.

A hanyar komowa kawu sai juyayi yake yi, wai an yi asara, yaran yanzu ba su san daɗi ba. Na yi shiru don girmansa, amma ke zan gaya miki gaskiya, ban taya shi baƙin ciki ba. Yaya zan yi kukan rushewar gidan da ba a taɓa bari na shiga ba? Abin da aka hana kakanninmu, yau ga shi a tafin hannunmu. Matar da ke cikin kulle tana kallon abin da mijinta bai gani ba, ba ta taka ko zaure ba, ba kuwa wanda ya ɓata mata suna. Masu shirya fim ma sun san mu ne kasuwarsu, shi ya sa labarin kishiya da uwar miji da gado ba ya ƙarewa.

Amma da na ba kakata labarin tafiyar da daddare, sai ta kawo wani zance da ya dagula mini lissafi. Ta ce ita ba ta san sinima ba, amma ta san majigi. Tana yarinya mai talla, sai a ji shela da rana cewa yau akwai majigi. Motar gwamnati ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji. Ba a biyan ko anini. Yara a gaba a ƙasa, maza a gefe, 'yan mata da tsofaffi a nasu gefen, har matan aure na leƙe ta kan katanga. Ga wani mutum da lasifika yana bayani da Hausa, yana ƙara gishiri, jama'a na amsa masa. A nuna Sardauna yana rangadi, a nuna yadda ake tsabtace rijiya, a nuna Baban Larai mai koyar da noman auduga, abin da ya dace da Samaru ƙwarai, tun da a nan gidan binciken aikin gona yake tun 1922. Ta ce bayan motar ta tafi sai a yi wata guda ana zancen a bakin rijiya da wajen daka. Yau shekara sittin da wani abu, amma tana ba ni labarin kamar jiya aka yi.

Na tambayi kaina, cikin finafinan da na kalla a waya bara, guda nawa zan iya ba jikata labari? Na ƙirga, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Dubi yadda muke yi a gidajenmu. An gama tuwon dare, uwa ta shige ɗaki da wayarta, 'ya ta ja bargo ta toshe kunne da tata, kishiya ma haka, tsakar gidan da a da ake tatsuniya ya zama kango. Mu huɗu muna kallon fim guda, kowa a ɓoye, kowa da kuɗin datarta, ga shi tun farkon 2025 aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har da rabin abin da ake biya. Na san matar da ke tsakurar kuɗin cefane saboda wannan. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku zaci ba mu gani. Yarinyar da ta kwana tana bin kashi na talatin da na talatin da ɗaya, da safe idonta ke tona ta, tana gyangyaɗi ana lissafi. Uwarta kuma ba ta san abin da ta kalla ba, domin allon bai fi tafin hannu ba, ba ya ɗaukar ido huɗu. Kawu da ya saci jiki ya je sinima, aƙalla mutum ɗari sun ga abin da ya gani.

Saboda haka na yi wata dabara, in ta yi miki ki gwada. Wata ƙawata da ke karatu a jami'a, tana kwana a ɗakin 'yan mata mai sunan Sarauniya Amina, ta zo mana da kwamfutarta ran Juma'a da dare. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi, na kife turmi muka ɗora kwamfutar a kai, na aika maƙwabta cewa yau akwai majigi. Tsofaffi suka riga kowa zuwa. Muka sa fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya shirya, aka fitar a Netflix a 2021, don na ga labarin garinmu ne.

Ba a yi minti biyar ba kakata ta ce, "Wai wannan Aminar ba ta jin Hausa ne?" Da yake Turanci ake yi, sai aka ce in riƙa fassarawa, na zama mai lasifika. Da Ali Nuhu ya fito 'yan mata suka yi shewa. Wata tsohuwa 'yar birni ta ce ita ba ta taɓa ganin Bazazzagiya da irin wannan shiga ba, wata ta ce ai zamanin da nisa, wa ya sani. Gardama ta kaure kan ko Amina ta yi aure, har aka manta da kallon, sai da na tsayar da fim ɗin sau uku. Wata amarya da ta tare kusa da mu wata biyar da suka wuce, ban taɓa jin muryarta ba sai daren nan, ashe bakinta ya fi na kowa.

Ana tsakiyar yaƙi aka ɗauke wuta, ba a jima ba kwamfutar ta mutu. Ba wadda ta tashi. Aka kunna fitila, kakata ta karɓi labarin daga inda ya tsaya ta ƙarasa shi yadda ta ji a bakin tata kakar, da ganuwa da mashi da doki, har sai da maigidan amarya ya aiko yaro a karo na biyu. Juma'a mai zuwa sun ce Hausa suke so, kuma kowa za ta kawo naira hamsin a sayi gyaɗa.