Fitilar Rafin Noland

A tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka, kafin zuwan kwalta da kamfanonin shirya jana'iza, gidaje da yawa a gonarsu suke binne nasu. Akan zaɓi kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, a keɓe shi ga dangi. Galibin kaburburan ba su da rubutu, dutse kawai ake ɗaukowa a kafa a wajen kai. Kai yamma, ƙafa gabas, domin a imaninsu na Kirista ta gabas za a fuskanta ranar tashin matattu.

Mutuwa a lokacin aikin maƙwabta ce. Da rai ya fita sai a tsayar da agogon bango, a rufe madubai da ƙyalle, a ɗora wa mamacin sulalla a idanu. Maza su sassaƙa akwati su haƙa kabari, mata su yi wanka da sutura, sauran kuma su kwana zaune da gawa har gari ya waye. Inda akwai coci akan kaɗa ƙararrawa daidai da shekarun mamacin, mai noma a ƙetaren kwari ya ƙirga ya gane wane ne ya tafi. Tsuntsu ya faɗo ɗaki, ko kare ya dinga kuka da tsakar dare, sai tsofaffi su ce akwai wanda aka kira.

A irin wannan zama labaran fatalwa suka tsiro. Wanda ya biyo ta gefen makabarta da dare yakan ga wani haske kore-kore a gindin itace. Masana sun ce wani naman gwari ne da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace yana ƙyalli cikin duhu, kuma gaskiyarsu ne. Amma mai ganin bai ce ya ga baƙon abu ba. Cewa yake ya ga kakarsa, ko jaririn da zazzaɓi ya ɗauke bara. Fatalwar tana da suna, tana da gida, an san abin da ya hana ta kwanciya. A yankin rafin Noland, a jihar Karolina ta Arewa, har yau ana ba da labarin wani manomi da ya fita da fitila neman 'yarsa da ta ɓace, ya mutu bai gan ta ba. Wai fitilarsa na nan tana yawo, kuma ɓataccen da ya bi ta takan fitar da shi kan hanya. Ni dai ban ji tsoro a cikin wannan labari ba, tausayin uba na ji.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yanke wannan zumunci. Gwamnati na neman lantarkin narka goran ruwan ƙera jiragen yaƙi, sai hukumar raya kwarin Tennessee ta fara gina madatsar Fontana a 1942, ta gama a 1944, tsayinta ƙafa 480. Tafkin ya cinye ƙauyuka da hanya mai lamba 288, wadda ita ce mafitar mutanen arewacin kogin da aka tare. Aka tashe su, aka haɗe filayensu da gandun dajin ƙasa na tsaunukan Smoky. Wanda ya san yadda madatsar Kainji ta raba mutanen tsohuwar Bussa da garinsu ya san irin wannan ciwo. An tone wasu kaburburan an sake musu wuri, amma makabartu fiye da 20 da ke kan tudu suka rage a kufai, ruwa a gaba, daji a baya.

A 1943 an sa hannu kan alkawarin gina sabuwar hanya. Kimanin mil 6 aka yi daga garin Bryson City, aka huda dutse, aikin ya tsaya a nan a farkon shekarun 1970. Mutanen wurin suka laƙaba mata hanyar da ba ta kai ko'ina. Baƙi yanzu sukan shiga ramin da tocila suna neman abin da zai firgita su, kuma wannan yana ɓata mini rai, domin fatalwar da ake sayar musu ba 'yar gidan kowa ba ce.

Masu matattun kuwa ba su saki ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 suka matsa wa hukumar gandun har ta riƙa tsallakar da su tafkin da jirgin ruwa a ranakun Lahadi, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowace makabarta da ranarta. Sukan share ciyawa, su tara ƙasa a kan kabarin da ya lotsa, su soka furanni, su yi addu'a da waƙoƙin coci, sannan a baje abinci a ci tare. A nan ne tsohuwa takan kama hannun jika ta nuna masa dutsen da babu rubutu, ta faɗa masa sunan mai shi.

A 2010 gwamnatin tarayya ta yarda ta biya gundumar Swain, inda aka fara aikin, dala miliyan 52 a madadin hanyar, aka cika biya a 2018. Kuɗin asusun gunduma suka shiga. Mai son ziyarar kabarin mahaifiyarsa har yanzu sai ya jira ranar jirgi, ko ya taka doguwar tafiya a daji idan ƙafarsa na da ƙarfi.